Yadda za ka gabatar wa ɗalibanka Munidasa Kumaratunga, malamin Sinhala mai waƙar zomo

Malamin adabi in yana son ɗalibansa su leƙa waje, yawanci Ingila yake kai su ko Masar, in ya yi nisa Indiya. Ni shawarata ka ƙara gaba kaɗan zuwa Sri Lanka, tsibirin nan da ke kudu da Indiya, ka haɗa su da wani malamin makaranta mai suna Munidasa Kumaratunga, wanda ya rayu daga 1887 zuwa 1944. Marubucin waƙoƙi ne, masanin nahawu ne, ɗan jarida ne, kuma mutum ne mai zafin gardama. Amma kafin duk wannan malamin aji ne, kuma daga ajin nan sauran ayyukansa suka tsiro. Wanda bai riƙe wannan ba zai ɗauke shi wani mai taurin kai da ke faɗa a kan kalmomi kurum. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da nake bi da ɗalibaina masu koyon aikin malanta. Ba sai kana jin Sinhala, harshen mafi yawan mutanen Sri Lanka, ba. Kunne kake buƙata, da allo, da waya mai intanet.

Tun a gida, kafin ranar darasi, ka san cewa sunan mutumin nan yana zuwa da rubutu iri-iri. Wasu da K suke fara shi, wasu kuma Cumaratunga da C suke rubutawa a Turanci, kuma sau da yawa za ka ga an gabatar da sunan gidan, an ce Kumaratunga Munidasa. Ka gwada duka wajen nema. Ka sauke abin da za ka kunna tun da dare, kada ka dogara da sabis ɗin cikin aji.

Kada ka fara da tarihinsa. Ka fara da zomo. Yana da wata gajeriyar waƙar yara da ake kira da layinta na farko, Ha Ha Hari Hawa, wadda har yau yaran Sinhala suke rerawa a makarantun reno da ƙananan azuzuwa, kuma za ka same ta da muryoyi kala-kala a YouTube. Ka zaɓi wadda kiɗa bai danne murya ba. Ka kunna ba tare da ka yi bayanin komai ba, ka sake kunnawa, sannan ka tambaye su abin da kunnensu ya kama. Ba a daɗewa wani zai ce kowane layi da "wa" yake ƙarewa. Wani zai ce layukan tsawonsu ɗaya. To daga nan ka faɗa musu abin da ke ciki: zomo ne ya ratso daji, ya tsaya a bakin kogi, ya duba hagu da dama, ya ci ganye, ya kurɓi ruwa, ya lashe baki. Kusan duk aikatau ne, wani na bin wani. Yaro ɗan shekara huɗu yana iya kwaikwayon kowane layi da jikinsa, kuma haka malaman can suke yi da su. Ka sa manyan ɗalibanka su tashi su yi. Za su ji kunya da farko, amma wanda zai koyar a firamare gara kunyar ta fita tun yanzu.

A nan ne nake daɗewa, domin a nan ne Bahaushe yake da riba a kan Baturen da ke nazarin waƙar. Mawaƙan Sinhala awo suke yi da nauyin gaɓa: gajeriyar gaɓa ɗaya ce, doguwa biyu ce, wadda baƙi ya rufe ita ma biyu ce. Wannan kuwa shi ne abin da marubutan waƙoƙinmu suke yi da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban malamin aruli, wato ilimin awon waƙa, ya san shi. Ka rubuta layin farko a allo da ja inda ake ja: haa, haa, ha, ri, haa, waa. Ka sa su buga benci, bugu biyu ga doguwa, ɗaya ga gajeriya. Biyu da biyu, ɗaya da ɗaya, biyu da biyu, goma ke nan. Ka sake kunna waƙar su bi sauran layukan da bugun, za su ji goman nan tana dawowa, kuma dogayen gaɓoɓi biyu ne ke rufe layi. Wata ɗaliba da ke zama a gaba ta taɓa ajiye biro ta ce, "Malam, ashe su ma ja suke yi kamar mu." Daga wannan lokacin ajin ya daina kallon waƙar a matsayin baƙuwa.

Ka nuna musu haruffan kuma, ko da a fuskar waya ne. Zagayayyu ne, kusan babu miƙaƙƙen layi a cikinsu, kuma bayanin da aka saba bayarwa shi ne a kan ganyen wani irin giginya ake rubutu da tsinken ƙarfe a da, miƙaƙƙen layi kuwa yana tsaga ganyen. Abin da ya fi wannan amfani gare mu shi ne rubutun Sinhala yana bambanta dogon wasali da gajere da alama. Yaron can yana ganin tsawon wasali da ido a takarda, namu kuwa a boko sai dai ya ji a kunne. Ka bar ɗalibai su yi tunanin abin da wannan ke nufi ga mai koyar da waƙa a nan.

Sai a zama na biyu nake kawo tarihin, kuma da taswira nake kawo shi. Ka zana tsibirin a allo, ka sa ɗigo a can ƙasa, bakin teku ta kudu: Dikwella, a gundumar Matara. Nan aka haife shi ranar 25 ga Yuli, 1887, na goma sha biyu cikin 'ya'ya goma sha uku. Mahaifinsa mai maganin gargajiya ne, irin wanda ake koyo daga littattafai, don haka tun yana ƙarami akwai rubuce-rubucen Sanskirit da Pali, tsofaffin harsunan ilimi da addini na yankin Indiya, a gidan. Ya yi makarantar mabiya Buddha ta Dikwella, ya yi Kwalejin St. Thomas a Matara, ya kuma zauna a makarantar sufayen Buddha ta Wewurukannala inda ya sha Pali da Sanskirit. Irin wannan makaranta, da suke kira piriwena, za ka iya kwatanta ta da zauren malamin ilimi a wurinmu, inda ake bin littafi layi-layi ana warware shi. Daga nan ka ja layi zuwa Kolombo, kwalejin horon malamai ta gwamnati, inda ya kammala a 1907. Ya koyar a Bomiriya, kusa da Kolombo. Ya zama shugaban makaranta a Kadugannawa, a kan tsaunuka, hanyar Kandy. Ya zama mai duba makarantu na wasu shekaru, ya bar aikin, daga baya kuma ya shugabanci kwalejojin horon malamai a Nittambuwa da Balapitiya. Ya ƙare rayuwarsa a Panadura, kudu da Kolombo, ya rasu ranar 2 ga Maris, 1944, yana da shekara 56. Yau akwai titi mai sunansa a gefen Jami'ar Kolombo.

In ka gama zanen, ka tambayi ajin: mutumin da ya yi shekaru yana shiga makarantun ƙauye yana duba littattafan yara da darussan malamai, me idonsa ya gani? Ka taimake su da yanayin zamanin. Ingila ce ke mulkin tsibirin, wanda a lokacin Silon ake kiransa, ba su sami 'yanci ba sai 1948. Makarantun Turanci na kuɗi ne, su ne kuma ƙofar aikin gwamnati. Makarantun harshen gida na talakawa ne. Tsarin karatu kyauta bai zo ba sai 1945, bayan rasuwarsa. Masu hali suna alfahari da Turanci, masu rubuta Sinhala kuma da yawa suna cusa mata manyan kalmomin Sanskirit don a ce sun yi karatu. Yaron ƙauye yana tsakiya, littafin da ke hannunsa ba ya yi masa magana. Kumaratunga ya zauna ya rubuta littattafan koyon karatu, irin su Kiyawana Nuwana da Shiksha Margaya, da tarin waƙoƙin yara Kumara Gi, da labarai guda uku da har yanzu ake bugawa: Hat Pana, Hin Seraya da Magul Kema. Hat Pana labarin wani wawa ne, cike da ban dariya. Ina jaddada wannan wa ɗalibai domin mutumin da ya iya Sanskirit da Pali, wanda manyan malamai ke shakkar alƙalaminsa, bai ga ƙasƙanci ba ne ya ɓata dare yana auna layin da ɗan aji ɗaya zai rera. A wurinmu sau da yawa wanda ya fi kowa rauni ake tura wa ƙananan azuzuwa, kuma abin yana ci mini rai.

Akwai wani abu da in ba ka bayyana shi ba, ɗalibai ba za su gane dalilin rigimarsa a kan nahawu ba. Sinhalar baki daban, ta rubutu daban, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. A magana, aikatau ba ya sauyawa da mai aikin: ni, mu, shi, duk "yanawa" za a ce in ana nufin tafiya. A rubutu kuwa dole ya sauya: "yami" ga ni, "yamu" ga mu, "yayi" ga shi. Ka rubuta waɗannan a allo gefe da gefe. Ke nan yaro yana shiga makaranta ne ya tarar da wasu dokoki da bai taɓa ji a bakin uwarsa ba, malaminsa ma wani lokaci bai riƙe su da kyau ba. Ana iya magance wannan ta hanya biyu: a sauko da rubutu kusa da magana, ko a koyar da dokokin rubutun sosai har su zauna. Kumaratunga ta biyun ya ɗauka, da ƙarfinsa duka. Ya rubuta Wiyakarana Wiwaranaya a kan nahawu, da Kriya Wiwaranaya a kan aikatau kaɗai, da Prabandopadeshaya a kan yadda ake tsara rubutu, da Wirit Wekiya a kan ma'aunan waƙa. Ya kuma bi tsofaffin littattafai yana gyara kurakuran masu kwafi yana yi musu sharhi, tun daga na farkonsa a 1922, sharhin Nikaya Sangraha. Gwaninsa a zube shi ne Gurulugomi, marubucin ƙarni na 12 mai littafin Amawatura, saboda gajerun jimlolinsa da ƙarancin kalmomin aro.

Waƙarsa ta manya da aka fi yabo ita ce Piya Samara, ta tunawa da mahaifinsa. In ka sami fassarar wani yanki nata, ka karanta musu, amma ka gaya musu gaskiya cewa awo da amsa-amo ba sa tsallake fassara, abin da ya rage ma'ana ce kawai. Ni ba na daɗewa a nan. Na fi so su fita da sanin cewa hannun da ya rubuta zomo shi ne ya rubuta makokin uba, da horo iri ɗaya.

Zama na uku shi ne mai wuya, kuma kada ka guje shi. A 1934 ya farfaɗo da jaridar Lak Mini Pahana, a 1939 ya fara mujallar Subasa, a 1941 kuma ya kafa ƙungiyar Hela Hawula tare da almajiransa, irin su Rapiyel Tennakon da Jayanta Wirasekara. Takensu kalmomi uku ne: ƙasa, harshe, al'umma. Manufarsu a koma ga tsantsar Sinhala, a rage kalmomin Sanskirit da na Turai, in an buƙaci sunan sabon abu a ƙera shi daga saiwar harshen. Ya yi ta sukan aikin babban ƙamusun Sinhala da ra'ayoyin masanin nan Bajamushe Wilhelm Geiger, har ya buɗe mujalla da Turanci mai suna The Helio don ya kai gardamar inda Turawa za su karanta. A ɗaya ɓangaren akwai irin su Martin Wickramasinghe, marubucin ƙagaggun labarai, shi ma ɗan kudu, wanda ke ganin rubutu ya kamata ya matso kusa da bakin jama'a.

Ka raba ajin biyu, ɓangare ya kare Kumaratunga, ɓangare ya kare masu sukarsa, ka ba su kwana biyu su shirya. Sharaɗi guda nake sawa: duk hujja sai an kawo ta daga halin Sri Lanka tukuna, kafin wani ya ce "ai mu ma a Hausa". In ba ka sa wannan ba, cikin minti biyar za a manta da mutumin a koma rigimar Larabci da Turanci a bakinmu. Bayan sun gama, kai ma ka faɗi naka, kada ka ɓuya a bayan "kowa da gaskiyarsa". Nawa ra'ayin shi ne ya yi daidai da ya ce harshen uwa yana iya ɗaukar kowane ilimi, ya yi daidai da ya ce malami ba shi da uzurin jahiltar nahawun harshen da yake koyarwa. Kuma ba mai kallon baya kaɗai ba ne, domin baitinsa da aka fi maimaitawa a ƙasar cewa yake yi al'ummar da ba ta ƙirƙiro sababbin abubuwa ba ta tashi a duniya. Amma ya wuce gona da iri wajen ɗaukar kalmar aro kamar datti, kuma ra'ayinsa na nisanta asalin Sinhala daga Indiya bai samu karɓuwa wurin masana harshe ba, waɗanda ke lissafa ta cikin dangi ɗaya da Hindi da Bengali. Salon rubutun ƙungiyarsa ma bai zama na kowa ba. Abin da ya zauna shi ne waƙoƙin yaran, da kula da nahawu, da ɗabi'ar ƙera sababbin kalmomi. Almajiran tafarkinsa, irin su malami kuma mawaƙi Arisen Ahubudu da mawaƙin nan Sunil Santa, sun kai wannan kulawa cikin waƙoƙin da jama'a ke ji a rediyo.

Dole wani ɗalibi mai bin labaran duniya ya ɗaga hannu ya tambayi yaƙi. Ka shirya masa. A 1956 gwamnatin Bandaranaike ta yi dokar da ta mai da Sinhala kaɗai harshen hukuma, abin da ya ɓata wa Tamilawa, al'ummar tsibirin masu nasu harshen daban, rai ƙwarai, kuma yana cikin abubuwan da suka taru suka kai ga yaƙin basasa daga 1983 zuwa 2009. Kumaratunga ya rasu shekara goma sha biyu kafin dokar, kuma abokan faɗansa su ne masu fifita Turanci da malaman Sinhala 'yan uwansa. Zalunci ne a ɗora masa jinin da aka zubar. Amma ha'inci ne kuma a koya wa matasa kishin harshe ba tare da an nuna musu inda ya kai wata ƙasa ba, lokacin da 'yan siyasa suka ɗauke shi suka manta akwai maƙwabci mai nasa harshen. Mu da muke zaune da masu harsuna da yawa a gari ɗaya, ɗalibanmu suna gane wannan da wuri. Ka ba maganar minti goma cikin natsuwa, kada ka bari ta zama ta wasa.

Aikin gida shi ne inda za ka san ko darasin ya shiga. Kowa ya rubuta waƙar yara da Hausa, layi takwas, a kan dabba ɗaya da yaran unguwarsu suka sani. Kowane layi nauyinsa goma, amsa-amo ɗaya daga sama har ƙasa, kowane layi da aikin da yaro zai iya kwaikwaya, kuma ba a yarda da wa'azi a ƙarshe ba. Ka ba su layi ɗaya na gwaji a allo: "Kare ya ga nama." Ku ƙirga tare: ka ɗaya, re biyu, ya biyu, ga ɗaya, na biyu, ma biyu. Goma. A nan za su ci karo da abin da boko ke ɓoye musu. "Ya" ɗin da ke cikin "kare ya ga nama" doguwa ce, amma ta cikin "sai ya gudu" gajeriya ce, alhali rubutunsu ɗaya. Da yawansu sun yi shekaru suna karatun Hausa ba su taɓa lura ba sai da suka buga benci. Ka hana su ƙirga da ido, su faɗa da baki suna ja.

Za ka ga wasu sun cika layi da "fa" da "dai" da "kam" don awo ya cika. Ka ja musu layi a ƙarƙashi, ka mayar. Wasu za su kawo kalmomin da sai an buɗe ƙamus, su ma ka mayar, ka tambaye su ko ƙaninsu na gida ya san kalmar. Wanda ya rasa dabba ka ce ya zauna a tsakar gida ya kalli kaza ko ƙadangare na ɗan lokaci, ya rubuta abin da ta yi bi da bi, kafin ya fara neman amsa-amo.

Ba na ba da maki a ofis. In lokacin gwajin koyarwa ya zo, kowa ya tafi da waƙarsa ajin da aka tura shi, ya koya wa 'yan aji ɗaya ko biyu ba tare da ya rubuta a allo ba. Washegari ya tambaye su wa ya tuna. Ya rubuto mini layukan da yaran suka riƙe, da waɗanda suka yar, da inda suka sauya kalma da kansu. Inda yara suka sauya kalma, galibi awo ne ya karye a wurin ko kalmar ta yi musu nauyi, sai ɗalibin ya gyara layin ya kawo mini tsohon da sabon a takarda ɗaya, a kan wannan nake ba da makin.